Tallan Jami'o'i a Wayar Salula: Wa Ke Saye, Wa Ke Sayarwa?

(Kiɗan buɗe shiri)

 Daga birnin Yamai muke gaishe ku, na gida da na bakin aiki da na kan hanya, da ƴan'uwa masu bin mu ta intanet daga Maraɗi, Damagaram, Tawa, Agadas, Dosso, Difa da Tilaberi, har da na tsallaken iyaka. Zancen yau na ɗalibai ne, amma iyaye ku matso kusa da rediyo, don ku za a miƙa wa lissafi daga baya.

Kowace shekara, da an fitar da sakamakon jarrabawar bak, sai wayoyin yaranmu su cika da baƙi. Yaro ya buɗe Facebook ko TikTok don ya ga yadda aka tashi wasan ƙwallon jiya, sai ga hoton wani dogon gini mai gilashi, ciyawa kore shar a gabansa, samari da ƴanmata na murmushi da littattafai a hannu. An rubuta masa da Faransanci ya zo ya yi karatu a Istambul, ko Kasablanka, ko Tunis, ko Dakar, ko Kanada, wai an yi rangwamen rabin kuɗi ga wanda ya yi rajista kafin ƙarshen wata. Can sama, da ƴan ƙananan baƙaƙe, akwai alamar da ke nuna biya aka yi aka kawo masa saƙon. Yawancinmu ba ma ko kallonta.

Wannan shi ne tallan karatu ta intanet. Na sha jin iyaye na cewa duk yaudara ce, ni kuwa ban yarda ba. Akwai yaudara a ciki, za mu zo kanta. Amma a ganina amfanin da ɗan Nijar ya samu ya fi ɓarnar yawa, kuma da mun iya yin tallan da kanmu, da mun fi haka cin moriya.

Mu ɗan waiwaya baya. Fita neman ilimi ba baƙon abu ba ne a ƙasar nan. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, da aka haifa a Maratta a 1754, har Agadas ya je wajen Malam Jibrilu ɗan Umaru. A lokacin, fatake da alhazai da almajirai ne ke yawo da labarin malami daga zango zuwa zango. Da boko ya zo, sai hanyar ta ƙara tsukewa. Abdou Moumouni, haifaffen Tasawa, wanda jami'armu ta Harobanda ke amsa sunansa tun 1992, sai da ya bi ta makarantar William Ponty a Senegal kafin ya kai Faransa. A zamaninsu ba kai ke zaɓar makaranta ba, ƴan mulkin mallaka ke zaɓarka, kuma ƴan tsiraru suke ɗauka.

Ko jiya-jiyan nan, duk wanda ya yi bak shekaru goma sha biyar ko ashirin da suka wuce ya san yadda labarin burs, wato tallafin karatu, ke tafiya. Takarda ce ake liƙawa a bangon ma'aikata ko a ofishin ANAB, hukumar da ke kula da alawus da tallafin karatu, ko a buga sanarwa a jaridar Le Sahel, ko a karanta a rediyo sau ɗaya ko biyu. Wanda ke Yamai, yana da yaya a ofis ko kawu mai sayen jarida, shi ke ji da wuri. Yaron Tanut ko Gure ko Ngigmi kuwa, kafin labari ya iske shi, ya tara takardu, a buga musu hatimi, ya nemi kuɗin mota, an rufe karɓa. Daga Difa zuwa Yamai ya haura kilomita 1,300. Yara masu ƙwaƙwalwa nawa wannan nisa ya cinye, Allah kaɗai ya sani.

To yau fa? Mu ɗauki misalin Turkiyya, tunda shi ya fi yawo a wayoyin ɗalibanmu. Tun 2012 gwamnatin ƙasar ta haɗa tallafin karatunta wuri guda da sunan Türkiye Bursları. A ƴan shekarun nan ana buɗe karɓar takardu daga 10 ga Janairu zuwa 20 ga Fabrairu, duk ta intanet, kuma ko dala ba a biya. Mai neman lisansi kada ya kai shekara 21, mai neman masta kada ya kai 30, mai neman digirin dokta kada ya kai 35. Ana son maki kashi 70 cikin ɗari don lisansi, kashi 90 ga mai son likitanci. Wanda aka ɗauka ana biya masa kuɗin makaranta da masauki da inshorar lafiya da tikitin jirgi, ana ba shi alawus duk wata, sannan ya yi shekara guda yana koyon Turkanci. Duk wannan a rubuce yake a shafinsu, kuma hukumar shirin da kanta ke tallata shi a Facebook da Instagram da YouTube cikin harsuna da yawa. Ɗan minista da ɗan mai sayar da ruwa a baro, sharuɗɗa ɗaya suke karantawa, rana ɗaya.

Ku leƙa wata fada a Bukoki ko Talaje cikin sanyin Janairu, bayan isha'i, shayi na kan gawayi. Za ku tarar waya guda na zagayawa hannu zuwa hannu. Wanda ya riga ya cika nasa yana nuna wa na kusa da shi inda ake ɗora hoton fasfo da inda ake ɗora takardar maki. Wani na tsaki don forfensa na intanet ya kusa ƙarewa, shafin kuma ya ƙi buɗewa. Wani na karanta wasiƙar da ya rubuta ta bayyana abin da ya sa yake son karatun, abokai na gyara masa Faransanci suna yi masa dariya. Yawancinsu ba za su samu ba, gaskiya ke nan, don masu nema a duniya sun haura dubu ɗari kowace shekara, gurabe kuwa ƴan dubbai ne. Amma ko wanda bai samu ba ya koyi haɗa dosiye, ya buɗe adireshin imel, ya san me ake tambaya. Baɗi in wata ƙasa ta buɗe nata, ba zai tsaya yana raba ido ba.

Kuma ba Turkiyya kaɗai ba ce. Indiya ta buɗe shirinta na jawo ɗaliban waje a 2018. Saudiyya ta haɗa neman gurbi a jami'o'inta, har da Jami'ar Musulunci ta Madina, a dandali guda na intanet. Sin da Rasha da Masar kowa da nasa. Amfanin wannan yawa ya fito fili a nan bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023. Dangantaka da Faransa ta yi tsami, aka daina ba da biza a Yamai, a farkon Janairu 2024 kuma ofishin jakadancinta ya rufe. Da a ce a zamanin takardar bango ne, lokacin da ɗalibi bai san wata ƙofa ba sai ta Faris, da abin ya fi haka ciwo. Yaran da suka riga suka saba ganin tallan Maroko da Tunisiya da Senegal da Turkiyya a wayarsu ba su daɗe suna jimami ba, suka juya wani gefen.

(Ɗan gajeren kiɗa)

Madalla. Idan yanzu kuka kama mu, muna magana ne kan tallan jami'o'in waje ta intanet. Sai mu tambayi kanmu: me ya sa jami'ar da ke can bayan teku za ta kashe kuɗinta don yaron Yantala ya ga hotonta?

Kasuwa ce, kuma babba. Alƙaluman hukumar UNESCO sun nuna ɗaliban da ke karatu a wajen ƙasarsu wajen miliyan 2 ne a shekarar 2000, yanzu kuwa sun haura miliyan 6. A ƙasashe da yawa ɗalibin waje ya fi ɗan gida biya nesa ba kusa ba. A Faransa, a 2019, an sa wa wanda ba ɗan Tarayyar Turai ba yuro 2,770 a shekara don lisansi, wato sefa miliyan 1 da jaka 800 da ɗoriya, alhali ɗan ƙasa yuro 170 yake biya a lokacin, ko da yake jami'o'i da dama na yafe wa baƙi wannan ƙari. Masu ba da burs kyauta su ma ba sadaka kawai suke yi ba. Banza ba ta kai zomo kasuwa. Injiniyan da ya yi shekara biyar a Ankara, ya iya harshen, ya yi abokai, gobe in ya zama darakta ya san wanda zai fara kira. Ban ga aibu a ciki ba, muddin kowa ya san abin da ya kai shi.

Yadda tallan ke iske yaron kuma ba tsafi ba ne. Mai talla yana shiga wani ɓangare na Facebook ya zaɓi ƙasa, ya zaɓi gari, har ya ce kilomita kaza kewaye da Yamai. Ya zaɓi shekaru, a ce 18 zuwa 24. Ya zaɓi harshe, ya zaɓi masu sha'awar likitanci ko kwamfuta. Ya sa iyakar abin da zai kashe a rana, kamfanin ya riƙa cirewa gwargwadon idon da ya gani ko yatsan da ya taɓa. In yaron ya taɓa sau ɗaya, ko ya shiga shafin makarantar ya fita, an yi masa alama, gobe da jibi zai yi ta cin karo da ita ko'ina ya leƙa. Mai tallan goro yana bin layi yana kira ko da mai saye ko babu. Wannan kuwa ya san gidan da ake cin goro, ya san ranar da na jiya ya ƙare. Shi ya sa uba da ɗa na zaune kan tabarma ɗaya, amma abin da ke fitowa a wayar ɗan, uban bai taɓa ganinsa ba. Annobar korona ta 2020 ce ta ƙara ingiza abin, don da aka hana tarukan baje kolin makarantu a otal-otal, sai kowa ya kwashe kayansa ya koma intanet, da yawa kuma ba su dawo ba.

Sauƙin kuɗin nan yana da alherinsa. Ƙaramar makarantar koyon aikin jinya ko gyaran injinan asibiti, wadda ba za ta iya turo wakili Yamai ba har abada, yanzu tana iya kai labarinta. Sai yaro ya gano ashe duniya ba likita da lauya kaɗai ba ce, akwai mai karanta ruwan ƙarƙashin ƙasa, akwai mai karanta tace man fetur, akwai mai karanta wutar hasken rana, abubuwan da ƙasar Arlit da Agadem ke bukata.

Abin da ya fi burge ni kuwa shi ne wannan talla ana iya mayar masa da magana. Takardar bango ba ta amsa tambaya. Amma a ƙarƙashin tallan Facebook akwai wurin sharhi, kuma tsofaffin ɗalibai ba sa rufa wa kowa asiri. Wanda aka cuta zai zo ya faɗa. Kusan duk garin da ake karatu, daga Rabat zuwa Alƙahira, akwai ƙungiyar ɗaliban Nijar da zaurenta na WhatsApp. Kana iya samun ɗan garinku ka ce masa: don Allah kunna bidiyo ka nuna mini ɗakin da kuke kwana, nawa ne buhun shinkafa, akwai masallaci kusa, malamai na shiga aji? Gani ya kori ji. Iyaye mata sun fi kowa sanin darajar wannan. Uban da a da zai ce ƴarsa ba ta zuwa ko'ina, don bai san inda za ta kwana ba, yau ana iya zagayawa da shi ɓangaren ƴanmata ta waya, ya ga ƙofa, ya ga mai gadi, ya gaisa da wata ƴar Damagaram da ta shekara uku a wurin. Ba kowane uba zai sauko ba, amma hujjar rashin sani ta ragu.

Kada dai in cika baki. Wannan alheri na mai rezo ne da mai kuɗin forfe. Akwai ƙauyukan da sai an hau tudu ake kira, akwai gidajen da waya ɗaya ce ta maigida, ƴa mace ba ta taɓa ta. Malaman lise na karkara, ku ne gadar waɗannan yara. In kun ga sanarwa ta gaskiya, ku karanta ta a aji.

Yanzu sai mu zo kan dillalai. Yawancin tallan da ke cewa "tuntuɓe mu ta WhatsApp" ba daga jami'a yake fitowa ba, daga dillali ne. Dillanci ba haramun ba ne, akwai masu amana a cikinsu. Amma ku sani yawanci makaranta ke biyansa la'ada kan kowane ɗalibin da ya kai, saboda haka makarantar da ta fi ba shi ita zai fi yabawa, ba wadda ta fi dacewa da ɗanka ba. Wani ma ta baki biyu yake ci, ya karɓa a can, ya karɓa a nan da sunan kuɗin dosiye.

An ga abin da hakan ya haifar a Arewacin Sayifurus. Yanki ne da Turkiyya kaɗai ta amince da shi a matsayin ƙasa, cike yake da jami'o'i masu zaman kansu, dillalai kuma sun yi ta kai yaran Afirka da alkawarin wai Turai ce, wai aiki na jiransu. Da yawa suka je suka tarar ba haka ba, rangwamen da aka yi musu bai shafi haya da abinci ba, har a 2020 hukumar Najeriya mai kula da ƴan ƙasarta mazauna waje ta fito ta ja kunnen iyaye. Haka tallan Kanada yake nuna maka dusar ƙanƙara da manyan gine-gine, bai gaya maka cewa daga Janairu 2024 sai ka nuna dalar Kanada 20,635 ta ciyar da kai, ban da kuɗin makaranta, bayan a da 10,000 ce, kuma tun daga nan ƙaruwa take yi.

Mafi muni shi ne takardar da ba ta da daraja. A Disamba 2023 wani ɗan jarida na Daily Nigerian, Umar Audu, ya fallasa yadda ya samu digiri daga wata makaranta a Kwatano cikin mako shida, ba tare da ya zauna aji ba. Kwanaki kaɗan bayan nan, a farkon Janairu 2024, gwamnatin Najeriya ta dakatar da tantance takardun Benin da Togo gaba ɗaya. Har waɗanda suka yi karatunsu da gumi abin ya shafa.

Maganin yana cikin wayar da ta kawo ciwon. Majalisar CAMES, mai kula da darajar takardun jami'a a ƙasashenmu, a nan Yamai aka haife ta a Janairu 1968, ko da yake hedikwatarta na Wagadugu. Tana da jerin takardun da ta amince da su a shafinta. Ka duba sunan makarantar, ka kuma duba sunan fannin, don sau da yawa an amince da fanni ɗaya ne a makaranta, mai talla ya yafa rigar a kan duka. In makarantar na wata nahiya ce, ƙungiyar jami'o'i ta duniya tare da UNESCO suna da kundi mai suna WHED, kyauta ake dubawa. Sannan ka taka da ƙafarka ko ka aika ma'aikatar ilimi mai zurfi a tambaya: in yaron ya dawo da wannan takarda, za a ba shi daidaito? Shi kansa shafin Facebook ɗin, akwai wurin da ke nuna ranar da aka buɗe shi, da sunayen da ya taɓa amsawa, da ƙasar da masu tafiyar da shi suke. Jami'ar da ta ce ta shekara arba'in, amma shafinta watan jiya aka buɗe, kuma a da sunan kantin takalma yake ɗauke da shi, ai ba sai an yi dogon bayani ba.

Burs ɗin gwamnatoci irin na Maroko da Aljeriya ta hannun hukuma yake biyowa, ba a sayar da shi. Duk wanda ya ce ka tura masa jaka ɗari biyu a lambarsa ya sama maka gurbi, ɓarawo ne. Kuma ku daina watsa hoton fasfo da takardar haihuwa ga duk wanda ya tambaya. Ƙasar nan tana da dokar kare bayanan mutane tun 2017, da hukumar HAPDP mai kula da ita, amma hoton da ya riga ya tsallaka iyaka ba ya dawowa.

(Ɗan gajeren kiɗa)

Saura ɓangaren da ya fi damuna, masu sauraro. Duk zancen nan da muke yi, mu ne masu saye. Yaushe za mu zama masu sayarwa?

Mutane da yawa a garin nan ba su san Yamai ta daɗe da zama garin ɗaliban ƙasashen waje ba. Makarantar EAMAC da ke Plateau, ta hukumar ASECNA, tun 1963 take horar da masu kula da zirga-zirgar jirage da masana yanayi. In ka sauka a filin jirgin Duwala ko Antananarivo ko Abijan, mai yiwuwa muryar da ta ba matuƙin izinin sauka a Yamai ta yi karatu. Cibiyar AGRHYMET da ke hayin kogi an kafa ta a 1974, bayan babban farin da ya karya Sahel, tana ƙarƙashin ƙungiyar CILSS, kuma ɗalibai daga ƙasashen yankin da ma nesa da shi ke zuwa koyon ilimin damina da ruwa da kare amfanin gona. Jami'ar Musulunci ta Say, wadda taron ƙasashen Musulmi na Lahor ya yanke shawarar kafawa a 1974, ta buɗe a 1986, kuma ta yaye ɗalibai daga ko'ina cikin Afirka ta Yamma. Ga EMIG mai koyar da ma'adinai da masana'antu. Waɗannan ba ƙananan kaya ba ne. A zamanin da duniya ke kukan sauyin yanayi, wa ya fi mu abin koyarwa kan fari da hamada da hasken rana?

Ga kuma kasuwa a bakin ƙofa. A Najeriya kusan yara miliyan 2 ke zana jarrabawar JAMB ta shiga jami'a a shekara, gurabe ba sa isa. A 2022 malaman jami'o'in gwamnati sun yi yajin aikin wata takwas. Daga Katsina zuwa Maraɗi bai kai kilomita 100 ba, harshe ɗaya, tuwo ɗaya, sallah ɗaya. Jami'ar Maryam Abacha da Farfesa Adamu Abubakar Gwarzo ya kafa a Maraɗi a 2013 ta gane wannan da wuri, ta ja ɗalibai masu yawa daga arewacin Najeriya. Duk ɗalibin da ya zo, mai gidan haya ya samu, mai kabu-kabu ya samu, mai tuwo da tela da mai shagon kwafi sun samu. In ya koma gida kuma, ya tafi da sanin ƙasar, ba jita-jita ba.

Amma ka sa kanka a matsayin uba a Kano ko Njamena ko Parakou, ka ɗauki waya ka nemi makaranta a Nijar. Makarantunmu da dama, na gwamnati da masu zaman kansu, in ka shiga shafinsu sai ka tarar labarin ƙarshe na bikin wata shekara ne da ta wuce, hoton manya a kan kujeru. Babu kuɗin makaranta a rubuce, babu ranar buɗe rajista, babu jerin takardun da ake bukata, lambar da aka sa kuma ba ta shiga. Uban nan bai san komai game da Yamai ba sai abin da yake ji a labarai, labarai kuwa hari suke kawowa, ba sa kawo ɗalibai na tsallaka gadar Kennedy da safe za su aji. Bidiyon minti biyu na ɗalibar Chadi ko ta Kwaddibuwa tana nuna ɗakin gwaji da wurin kwananta, tana faɗin abin da take kashewa a wata, ya fi dogon jawabin shugaban makaranta aiki.

Kuma a yi shi da harshen da mai biya ke ji. Kundin sake gina ƙasa na Maris 2025 ya ɗaga Hausa ta zama harshen ƙasa. Masu tallan waje da Faransanci da Ingilishi suke zuwa, don yaron suke nema. Mu muna iya yi wa uwa da uba magana kai tsaye, da Hausa da Zabarmanci da Fulatanci da Barbarci da Tamashek, kuma da murya, tunda manya da yawa ba sa karanta boko amma babu wanda bai iya sauraron saƙon WhatsApp ba. Wannan ma sana'a ce ga matasanmu masu yini suna haɗa bidiyon barkwanci. Hannun da ya iya wancan ya iya wannan, sai dai a biya shi.

Sharaɗi guda ne, kuma mai nauyi. Wurin sharhin nan da ke tona asirin makarantun waje, mu ma ba zai rufa mana ba. In ka tallata lisansi na shekara uku, yajin aiki da shekarun karatu masu hawa kan juna suka mai da shi biyar, ɗalibin farko da ya gani zai rubuta, dubu su karanta. In ka nuna ɗakin kwamfuta a hoto, yaro ya zo ya tarar wuta ba ta zama, shi ma zai ɗauki nasa hoton. Jami'o'inmu na jihohi, na Maraɗi da Damagaram da Tawa da suka tsaya da ƙafarsu a 2010, da na Agadas, Difa, Dosso da Tilaberi na 2014, kowacce na da fannin da za ta iya tinƙaho da shi. Ta fara da wannan ɗaya, ta rubuta kuɗinsa da kalandarsa da matsayin takardarsa a fili, ta sa mutum guda wanda aikinsa ke nan ya amsa saƙo cikin yini biyu.

Ga ɗaliban da ke ajin ƙarshe na lise kuma, fasfo ba a yin sa rana ɗaya, fassarar takardu da hatimi ma na cin lokaci. Mai son gwada Turkiyya ya fara tara nasa tun Disamba, ya riƙa leƙa shafin hukumar da kansa, mai ƙarewa da gov.tr, don ranaku da sharuɗɗa na iya sauyawa.

A mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, za mu duba yadda ake neman daidaiton takarda ga wanda ya dawo daga karatu a waje, da ofisoshin da ake bi.  

(Kiɗan rufe shiri)